Lado da Fadamar Baba Inuwa

Yayana Lado bai gaji mahaifinmu ba. Na ce mahaifinmu don shi ma haka yake cewa, kuma haka mutanen unguwarmu, can tsakanin Kudan da Makarfi, suka saba faɗa shekara arba'in. Amma Malam Inuwa bai haifi Lado ba. Uwa muka tara da shi. Innarmu Sabuwa ta shigo gidan Baba da shi yana ɗan shekara uku, bayan mijinta na fari ya tafi fatauci cuta ta kashe shi a hanya. Dangin uban ba wanda ya taɓa takowa ya tambayi yaron, ko da goron Sallah.

Ni kaina sai da na kai shekara goma sha ɗaya na sani, wata tsohuwa ta yi suɓutar baki a gidan suna. Na dawo na tambayi Inna. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce in je in tambayi Baba in ina da ƙarfin hali. Ban je ba.

Kafin Inna, Baba ya yi mata ɗaya, ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyar: Maiwada da ƙannensa mata huɗu. Inna kuma ta haifa masa Azumi, sai ni Iliyasu, auta. Maiwada shi ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kama sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. In zai ambace shi sai ya ce “yaron nan”. Yaron nan kuwa tun yana saurayi ya bi fataken goro ya tafi Kurmi, ya yi iyali can, sai bayan shekara biyu ko uku yake leƙo gida. Matan duk aka aurar da su. Wanda ya rage a gandu tare da Baba, rani da damina, Lado ne.

Wata shekara dagaci ya bi gida-gida yana karɓar yaran da za a kai makarantar boko a Makarfi. A lokacin nan mutane ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu, su miƙa marayu da 'ya'yan riƙo. Da ya zo ƙofar gidanmu ya ce, “Kai Malam Inuwa abin ya zo maka da sauƙi, ga agola.”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, wane ne agola? Ni ba ni da agola a gidan nan.”

Kwana uku ya yi yana sintiri gidan dagaci kafin aka cire sunan Lado. Bayan shekara goma aka sake zuwa, wannan karon ba makawa, aka tafi da ni. Na zama malamin makaranta a Ikara ina cin albashi, Lado ya zauna da garma. A ganin Baba, Lado ne ya tsira.

Gonakin tudu biyu Baba ya gada, da ɗan guntun fadama a bakin rafi wanda bai fi a shuka gauta da albasa ba. Sauran wurin duk jiƙaƙƙen daji ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, ba mai shiga sai masu neman kifi a taɓo. Lado ne ya sare shi. Rani bakwai ya yi yana sara yana tone saiwa, yana haƙa lambatu don ruwa ya sami hanya. Duk yankin da ya gyara sai Baba ya je ya gaida dagaci a shaida masa, da sunan Malam Inuwa, don gandu na mai gida ne. Ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan, har shi Ladon. Lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, sukari ya yi wuya, mazarƙwaila ta yi daraja, Baba ya sayi injin matsar rake da doki mai juya shi. Daga nan fadamar ta zama ita ce gidan.

Lado gajere ne, mai faɗin ƙirji, da tabon ƙuna tun daga gwiwar hannunsa na hagu har wuyan hannu, inda tafasasshen ruwan rake ya taɓa zubo masa. Ba ya da yawan magana. Hirar da yake yi da dokin nan in yana zagaya inji ta fi wadda yake yi da mutane. In ya lakaci ruwan rake ya ɗanɗana, sai ya gaya maka daga wane gefen fadama aka saro shi, kuma ba ya kuskure. 'Yan kasuwar Makarfi kan ɗaga curin mazarƙwaila su duba launinsa su ce, “Wannan na Lado na Inuwa ne.” Ya auri Lantana, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suna zaune a sashen yamma na gidan. Bai taɓa neman gayauna tasa ta kansa ba. Da Baba ya yi masa tayi sau ɗaya, cewa ya yi, “In yi yaya da ita?”

Inna ta rasu da daminar shekarar da aka sami mulkin kai. Bayan arba'in Liman Usmanu, limamin unguwarmu, ya zo ya raba 'yan kayanta: awaki uku, tasoshi, zannuwa. Ya fitar wa Baba nasa, ya ba Lado kashi biyu, ni biyu, Azumi ɗaya. Ina zaune ina kallon yadda yake kiran kowa da matsayinsa, sai gabana ya faɗi. Da ya tashi na ɗauki buzunsa na raka shi. A hanya na ce, “Allah ya gafarta Malam, ran da ta Allah ta kasance a kan Baba, mene ne rabon Yaya Lado?”

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, “Ba shi da ko allura.”

“Fadamar fa? Shi ya sare ta.”

“Da sunan wa?”

 Sai Liman ya ce hanya biyu ce. Ko Baba ya ba shi kyauta tun yana da lafiya, a gaban shaidu, ya damƙa masa ya cire hannunsa. Ko ya yi masa wasiyya, wadda ba za ta wuce sulusin dukiya ba. Ya ce, “Ka gaya masa. Ni na taɓa yi masa hannunka mai sanda, ya sauya zance.”

Washegari da hantsi na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai maganar da nake so in yi in ya ba ni izini.

Ya ce, “Faɗi, malamin boko.”

Na faɗa masa duk abin da Liman ya ce. Bai daina tufka ba har na gama. Sannan ya ce, “Ilu, wasiyya wa ake yi wa?”

Na ce, “Wanda ba magaji ba.”

“To ka ji. Kana so in tara mutane a zauren nan, in buɗe bakina in ce Lado ba magajina ba ne? Yaron da na yi wa kaciya, na yi masa aure, na raɗa wa 'ya'yansa suna?”

“To Baba a yi kyautar.”

“Kyauta. In raba gandu ina raye, in ce masa ga naka ka ware. Yau kwana arba'in da binne uwarsa. Me mutane za su ce? Sabuwa ta mutu, Inuwa ya sallami ɗanta.”

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ya ga na ƙi tashi sai ya sassauta. Ya ce ba ƙi ya yi ba. Amma ba zai yi abu a bayan idon yaron nan na Kurmi ba, kada ya bar musu gaba. In ya zo zai yi masa magana, sannan a san yadda za a yi.

Maiwada ya zo da Babbar Sallah ta shekarar da ta biyo, ya kwana tara. Ni ma ina gida. Kullum da safe zai shigo zaure ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, Baba ya amsa yana kallon bango.  Ina ganin Baba yana gyara zama, yana share murya, sai ya tambayi yadda goro yake bana. Haka har kwana tara. Ran da zai koma, Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya raka shi har bakin hanyar mota. Na tsaya a ƙofar gida ina hangensu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da ya dawo na ce, “Baba, ka gaya masa?”

Ya ce, “Na ce ya gaida iyali.”

Shi kuwa Lado, sau ɗaya na taɓa masa zancen, a fadama, yana ɗaure rake. Ya ce, “Kai dai boko ya sa maka tsoro. Baba ne fa.” Ya miƙo mini kara ɗaya ya ce in sha in bar surutu.

Da hutun ƙarshen shekarar 1962 na zo da takarda da alƙalami daga Ikara. Na zauna gaban Baba na ce ba zan koma ba sai an yi. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya tsufa a shekara biyun nan, tun rasuwar Inna. Ya ce, “Na ji. Wasiyyar za a yi, tunda ita ba sai an raba gandu ba. Amma Lado ba zai zauna a wurin ba, kuma ba zai ji ba sai bayan raina. Bari a gama matsar rake, hankali ya kwanta. Juma'ar da ta biyo ka zo, a kira Liman da Ya'u.” Ya'u wanzami ne, abokinsa tun suna yara.

Na yi murna. Na naɗe takardata na sa a aljihu na koma bakin aiki. Saura kamar kwana goma a gama matsa, wani ya zo a keke ya same ni a aji, ya ce Baba ya faɗi a wurin inji.

Ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya'u ya yi ƙaho, aka yi rubutu aka ba shi, muka sa shi a mota muka kai shi asibiti Zariya. Bayan mako biyu suka ce mu koma da shi gida mu yi ta haƙuri. Idonsa na nan sarai, yana gane kowa. Amma magana ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki: “To.” In yana jin ƙishirwa, to. In ciwo ya tsananta, to. In ka gaishe shi, to.

Wata Talata bayan la'asar na kira Liman da Ya'u. Na ce Lado ma ya zauna, don yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Muka jingina Baba da bango. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, “Baba, ga Liman ga Baba Ya'u. Maganar da muka yi da kai.”

Numfashinsa ya sauya. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna gabas, wajen fadama. Sannan ya lalubo wuyan hannun Lado ya riƙe, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

Ya'u ya ce, “Alhamdu lillahi. Kun gani.”

Liman ya matso. Ya ce, “Malam Inuwa, ka yi wa Lado wasiyya da fadama?”

“To.”

Na sauke ajiyar zuciya. Amma Liman mutum ne mai tsoron Allah, kuma ya san za a tambaye shi. Ya ce, “Malam Inuwa, ka yi wa Maiwada kyautar fadama?”

Baba ya buɗe baki, leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Muna jira. Abin da ya fito shi ne, “To.”

“Yau Juma'a ce?”

“To.”

Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye. Liman ya ce ya gyaɗa kai in e ne, ya girgiza in a'a ne. Kan kuwa tun da ya faɗi rawa yake yi ba tsayawa, ba ka iya cewa ga gyaɗawa ga girgizawa. Aka gwada da ƙifta ido, aka gwada da matsa hannu. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya saɓa, ya gaji, ya rufe ido.

A waje Ya'u ya tare Liman. Ya ce, “Haba Malam! Shekara sittin na san mutumin nan. Ya nuna fadama ya kama Lado, me ya rage?”

Liman ya ce, “Ni ma abin da zuciyata ta ba ni ke nan. Amma in ya zama cewa yake Lado ya kai shi ya ga rake? In ya zama cewa yake Lado ya kula wa ƙannensa da ita? Shaida da abin da aka tabbatar ake yin ta, Ya'u. Ni ban tabbatar ba.” Ya sake dawowa sau huɗu a watannin da suka biyo, ko Allah zai sa a dace. Ba a dace ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Wata rana da azahar, Lado yana fadama, na rubuta wasiyyar da hannuna, na sa mata kwanan watan hutun da ya wuce. Na zo da tawada daga makaranta. Na shiga ɗaki na karanta wa Baba, na ɗauki babban yatsansa na hagu. Ya zuba mini ido. Na daɗe ina kallon idon nan ina neman in gane ko cewa yake in danna, ko cewa yake in ji tsoron Allah. Ban gane ba. Na mayar masa da hannunsa kan bargo, na fita na cusa takardar a murhun Lantana.

Wata goma sha bakwai Baba ya yi a kwance. Lado ne ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayan gida a goye, shi ke yi masa wanka da alwala, Lantana na dama masa kunu tana ba shi da ludayi. Da asuba ya gyara shi ya tafi fadama, da azahar ya dawo ya juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ya koma. Ran kasuwar Makarfi in ya dawo sai ya zauna ya ba shi labarin yadda aka yi ciniki da wanda ya gani, kamar yadda ya saba tun da, Baba na cewa to, to. Baba ya rasu da farkon daminar 1964, kansa a kan cinyar Lado.

Maiwada ya iso bayan sadakar bakwai, kuma ba ziyara ya zo ba. Kasuwa ta juya masa baya a Kurmi, ya kwaso mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya ya dawo gida gaba ɗaya. Na same shi na gaya masa komai tun daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, “Ilu, kwana tara na yi a gidan nan, kullum ina gabansa. Da ya faɗa mini da bakinsa, wallahi ko gidan ya ce in bar wa Lado zan bari. Bai faɗa ba. Ni ban hana Lado abin da Allah ya ba shi ba. Amma dubi yaran can. In ɗauki abin da Allah ya ba su in bayar a kan an ce an ce?”

Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ma ban gani ba sosai.

Muka je gaban alƙali a Makarfi. Dattijo ne, ya saurari kowa bai katse ba. Ya'u ya ba da shaida yana kuka. Liman ya faɗi abin da ya gani, ya ce bai fahimci ishara ba. Ni kuma alƙali ya ce abin da Baba ya gaya mini niyya ce ta yin wasiyya wata Juma'a mai zuwa, ba wasiyyar ba ce, kuma in na amince da ita, cikin rabona kaɗai za ta fita. Sannan ya juya wajen Lado. Ya ce, “Kana da shaida ɗaya. A sha'anin dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai nema sun isa. In ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani ka rantse mamaci ya yi maka wasiyya da fadamar nan, zan ba ka abin da sulusi ya ɗauka daga cikinta.”

Na kama gefen rigar Lado na ja. Ya'u ya ce, “Tashi, Lado. Gaskiyarka ce.”

Ya tashi ya fita ya yi alwala. Ya dawo ya tsaya gaban Littafin, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ɗaga hannu. Sai ya ce, “Allah ya gafarta Malam, in rantse yana so ya ba ni, ko in rantse ya ba ni?”

Alƙali ya ce, “Ya ba ka.”

Lado ya tsaya har mutane suka fara motsi. Ya ce, “Na san yana so. Amma ban ji ya ce ba.” Ya sauke hannunsa ya koma ya zauna.

Daga Makarfi har gida a ƙafa muka dawo. Sai da muka hango rimin unguwarmu ya tsaya ya ce, “Shekara biyu kuna wannan magana kai da shi, a kaina, ba wanda ya zaunar da ni.” Na ce ai na taɓa masa zancen a fadama. Ya ce, “Ka taɓa.” Ya wuce. Wannan ne kaɗai faɗan da muka taɓa yi da shi.

Ran rabo muhuti, mataimakin alƙali, ya zo da igiyar awo. Magada bakwai, maza biyu mata biyar. Aka fita gona, sai aka ga ba ɗayanmu da ya san iyakoki. Maiwada rabonsa da fadamar tun tana daji, ni kuwa sai dai in je in sha rake. Muhuti ya ce, “To wa ya sani?” Aka aika aka kira Lado. Shi ya riƙe bakin igiya yana gaba, yana cewa nan ne iyakarmu da wane, daga gindin giginyar can zuwa lambatu. Har ya nuna musu wani lungu bayan rafi da ba wanda ya san na Baba ne.

Fadama ba ta yankuwa tara ta yi amfani, kuma inji da doki ba sa rabuwa. Maiwada da ƙannensa huɗu suka haɗa rabonsu, kashi shida cikin tara, suka ɗauki fadama da inji da doki da babban sashen gida. Na roƙa a ba mu fadamar ni da Azumi, aka ce kashi ukunmu bai kai ƙimarta ba. Muka tashi da gonakin tudu da sashen yamma. Nan take muka ce mun bar wa Lado, mijin Azumi ma bai hana ba.

Sai dai gonakin nan sun gaji tun zamanin kakanmu. Takin gidan duk fadama ce ke sayo shi, ita ke biyan Fulanin da ke kwana da shanu a kai da rani. Da aka raba su da ita sai ciyawar wuta-wuta ta cinye dawa. Damina ta farko Lado ya sami dami goma sha biyu a inda ake samun sittin. Kuma hanyar fadama ta gefen gonar ta bi. Yana noma yana ganin Maiwada, wanda bai san rake ba, yana sa a sare shi bai nuna ba, yana barin lambatu ya toshe. Da kaka ya kasa daurewa, ya je ya ce zai taya shi matsa. Maiwada ya ji kunyar sa shi aiki a banza, ya ce sai dai ya biya shi kamar kowane ɗan ƙodago. Lado ya karɓa, don akwai bakuna uku a ɗakinsa. Shekara ɗaya aka yi haka. Ta biyu Maiwada ya ga ba zai iya ba, ya sayar wa wani attajiri daga Hunƙuyi da fadamar, shi kuma ya zo da mutanensa.

Lado ya ce ba zai iya zama ba. Wani abokin cinikinsa ya yi masa hanya wajen Saulawa, ƙasar Ikara, aka ba shi aron wani fegi a bakin daji. Ya mayar mana da gonakinmu, duk roƙon da muka yi. Yana da shekara arba'in da huɗu ya sake ɗaukar gatari. Babu fadama a wurin, gero da dawa ne sai ɗan gyaɗa. Da yake kusa da ni ne, nakan hau keke ran Lahadi in je, in kai musu abin da ya sawwaƙa. Lantana ke karɓa, shi ba ya so ya gani.

Wata Lahadi, shekara uku da komawarsa, na same shi ya dawo daga jana'izar wani maƙwabcinsa. Muka zauna gindin ɗorawa. Ya ce, “Ilu, akwai ranar da nakan ce da na rantse. In na kwanta ina juya abin, har yau ban san ko ƙarya zan yi ba in na rantse.”  Can ya ce, “Kana da takarda a jikinka? Ina so ka rubuta mini. 'Ya'yana mata ne, ba na so su sha wuya a bayana.”

Na ciro littafin aljihuna na buɗe. Na rubuta bisimilla da sunansa. Na ce, “Faɗi, Yaya.”

Ya ce, “Gonar nan.”

Na ce masa gonar aro ce, ran da ya kau za ta koma hannun mai unguwa, sai in ya ga dama ya bar musu.

“Gidan fa?”

“A cikin gonar yake.”

 Ya ce akwai jaki, da garma biyu, da tunkiya mai ciki. Na ce waɗannan ko ba takarda na Lantana da yaran ne, ni da Azumi ba mu da rabo a ciki, da ma muna da shi ya san ba za mu taɓa ba. Ya ce duk da haka in rubuta. Na rubuta, layi uku. Ya karɓa ya juya takardar gaba da baya, ko da yake ba ya karatun boko, ya ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan, Yaya.”

Ya naɗe ta ya sa a cikin hularsa. Sannan ya tashi ya ce in zo in taya shi kama tunkiyar, ta tsinke tun safe ta shiga gyaɗar mutane.